Kunya da Bakin Mahaifa

A nazarin ƙirar kalma, 'mahaifa' sunan wuri ne, wato ɗafa-goshi ma- da saiwar haif- da ɗafa-ƙeya -a, kamar yadda aka gina 'makaranta' da 'majema'. Hausawa sun ba wannan wuri baki, suka ce 'bakin mahaifa', amma al'ada ta hana a ambace shi a fili. Na daɗe ina ganin wannan shirun yana da tsada.

Bakin mahaifa a rufe yake tsawon watannin ciki. Idan naƙuda ta kankama, mahaifa takan riƙa murɗawa tana tura kan jariri, bakin ya yi laushi, ya riƙa buɗewa har ya kai santimita 10, sannan ne ya kamata mace ta yi yunƙuri. A shekarar 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa naƙuda mai ƙarfi tana farawa daga santimita 5, kuma daga nan ba ta cika wuce awa 12 ga mai haihuwar fari ba, ko awa 10 ga wadda ta taɓa haihuwa. Ashe kenan naƙuda tana da ma'auni.

A Kanya Babba ta ƙasar Ɓaɓura, inda na tashi, ma'auninmu shi ne haƙuri. Ana yabon yarinyar da ta durƙusa ba wanda ya ji motsinta, musamman a haihuwar fari. Tun ina yaro nakan ji ana cewa wance ta kwana biyu a kan gwiwa, a ɗora laifin a kan zaƙi, a nemi rubutu da jiƙo. Wani lokaci ungozoma ta yi yankan gishiri da aska. Alhali sau da yawa kan jariri ne ya fi ƙarfin ƙugun uwa. Idan ya daɗe yana danne mafitsara, jini ya daina kai wa wurin, tsokar ta mutu, ƙofa ta ɓulle. Wannan shi ne yoyon fitsari, kuma galibi jaririn ba ya zuwa da rai.

Magani akwai. Tun cikin shekarun 1980 Dakta Kees Waaldijk, ɗan ƙasar Holan, ya fara ɗinke irin wannan rauni a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina. A nan Jigawa kuwa, ƙungiyar likitoci ta MSF ta soma aikin karɓar haihuwa da ɗinkin yoyon fitsari a Babban Asibitin Jahun a shekarar 2008. Sai dai rigakafi ya fi magani, kuma rigakafin yana farawa ne daga magana: mace ta ce naƙuda ta zo, miji ya san cewa naƙudar da ta wuni ta kwana ta asibiti ce.

A nan malamin Hausa yake da aiki. Harshenmu yana da hanyoyin sakaya zance cikin ladabi ba tare da an ɓatar da ma'ana ba; mukan ce 'ta sauka', kowa ya gane. Ɗalibin da zai koyar gobe a Roni ko Gwiwa ko Kazaure ya kamata ya iya faɗin 'bakin mahaifa' da 'doguwar naƙuda' a gaban iyaye ba tare da muryarsa ta yi rawa ba. Kunya ado ce, amma Hausawa da kansu suka ce ranar wanka ba a ɓoye cibi.