Kwanaki a Ittoqqortoormiit

Litinin. Daga Aisilan jirgi ya sauke mu a filin Nerlerit Inaat, mai saukar ungulu ya ƙarasa da mu. Gidajen katako ne, ja da shuɗi da rawaya, a kan dutse tsirara, a gabashin Girinlan. Mutanen garin wajen 350 ne. Babu hanyar mota zuwa ko'ina, kuma Tasiilaq, gari mafi kusa, yana da nisan kilomita 800.

Talata. Tsakiyar Yuli ne, rana ba ta faɗuwa. Da agogo nake ƙiyasta Magariba da Isha.

Laraba. Yau na bi tarihin garin. A 1925 wani ɗan Denmak, Ejnar Mikkelsen, ya sa aka kwaso Inuit, 'yan asalin Girinlan, kimanin 70 daga yankin Ammassalik a jirgin ruwa Gustav Holm, aka zaunar da su nan. An ce farauta ta fi albarka, kuma gaskiya ne. Amma Denmak na jayayya da Norwe a kan wannan gaɓa, tana bukatar mutanen da za su zauna don ta ce ƙasarta ce. A 1933 kotun duniya ta Heg ta ba Denmak gaskiya. Abin ya tsaya mini a rai: an mai da iyalai turakun iyaka. Duk da haka su suka raya wurin, da kare da mashi da haƙuri, a inda kufan gidajen Inuit na da suka riga su.

Alhamis. Mai masaukina ya harbo sil, dabbar tekun nan mai kitse. Matarsa ta feɗe ta da wuƙa mai baki kamar jinjirin wata, ta kankare fatar ba tare da ta huda ko'ina ba. Karnuka na ɗaure a bakin gari, suna haushi har aka jefa musu rabonsu. Sai teku ta daskare za su koma jan kaya. An ba ni mattak, ɗanyar fatar narwal, wata babbar dabbar teku, da kitsenta. Na tauna har muƙamuƙina ya gaji.

Jumma'a. Jirgin kaya ya iso, na farko tun bara, domin ƙanƙara kan rufe teku wata tara. Gari duka ya fito. Kafin yamma kantin Pilersuisoq ya cika da masu sayen lemo da ƙwai.

Asabar. Mun je Uunarteq da kwalekwale mai inji, bindiga a hannun mai masaukina saboda farin beyar. Ƙauye ne mai maɓuɓɓugar ruwan zafi, mazaunansa sun tashi. Mai masaukina ya ce 'yarsa na makaranta a Nuuk, babban birnin Girinlan, kuma ba ya jin za ta dawo da zama.