Funfunar Bango a Watan Agusta

Idan marka ta yi nisa a watan Agusta, wani baƙi-baƙi kan bayyana a kusurwar ɗaki, bayan gado ko ƙarƙashin katifa, inda iska ba ta kaiwa. Funfuna ce, kuma ƙwayoyinta na yawo cikin iskar da yaro ke shaƙa yana barci. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta danshin gida da tari da tsanantar asma. Wani zai ce ai a irin ɗakunan nan aka rene mu, ga mu garau. Sai dai mai wannan magana ƙirjinsa ne ya jure, kuma abin da ya zo sannu a hankali ido kan saba da shi har ya daina ganinsa. Wanke bango ma ba ya wadatarwa muddin rufi na yoyo, taga kuma a rufe saboda sauro.