Hanyar Paarl da Darasin Mahaɗai Uku

Da hantsi motarmu ta bar Kef Taun, muka hau babban titin N1 muka nufi Paarl, tafiyar kusan kilomita 60. Kusa da ni wata dattijuwa ce, tsohuwar malamar makaranta. Na gaishe ta da "Tannie", kamar yadda ake kiran duk macen da ta isa haihuwarka a can, wato tamkar mu ce Gwaggo.

Ganin littafin koyon Afirkans a cinyata, sai ta tambaye ni abin da ya fi ba ni wuya. Na ce mata mahaɗai. Kalmomin want da omdat duk ma'anarsu "saboda", amma kowace da irin jimlar da take jawowa.

"Miƙo biro, ɗana," in ji ta.

Muna ratsa gonakin inabi ta rubuta: Ek is moeg, want ek het ver geloop. Na gaji, saboda na yi doguwar tafiya. Ta ce want, da en, da maar, da of, baƙi ne masu kunya, suna shiga jimla ba su taɓa komai. Sai ta rubuta ta biyu: Ek is moeg omdat ek ver geloop het. Ta ɗora yatsa a kan het, wanda ya koma can ƙarshe. Haka omdat take yi, da dat, da terwyl, da hoewel: suna kora aikatau ƙarshen jimla. Ta ukun ita ta fi burge ni: Ek het ver geloop, daarom is ek moeg. Bayan daarom ko dus, wato "saboda haka", aikatau ne ke fara shigowa, sannan mai aikin ya biyo baya.

A Hausa, ko "domin" ka sa ko "saboda haka", jerin kalmominka yana nan daram. Shi ya sa Bahaushe zai fi saurin ganewa idan ya haddace mahaɗan rukuni-rukuni, kowanne da jimlarsa ɗaya, maimakon ya bi su da ma'ana kaɗai. Ni dai a ranar na gamsu da haka.

Ta sauka a cikin gari, ni kuma na wuce gangaren dutsen Paarl, inda hasumiyar tunawa da harshen take. An buɗe ta a 1975, shekara 100 bayan kafa ƙungiyar da ta fara fafutukar a rubuta Afirkans a wannan garin. A can na tuna cewa Musulmin Kef ma sun rubuta harshen da haruffan Larabci, kamar ajaminmu, har littafin wani malami mai suna Abubakar Effendi ya fito a 1877.

Na zauna a inuwar hasumiyar na rubuta jimla tara, uku ga kowane rukuni, kafin motar komawa ta iso da la'asar.