Cutar Parkinson: Takin Da Ke Sakin Ƙafar Dattijo

Da kalma guda Bahaushe yake kiran abin da ganga ke sa matashi ya yi a dandali, da abin da ciwo ke sa hannun tsoho ya yi a kan cinyarsa: duka rawa ce. Ta farko da marmari ake yin ta, ta biyu kuwa mai ita zai iya ba da abin da ya mallaka domin ta tsaya. Shi ya sa idan aka ce wa mutumin Sakkwato akwai ƙasashen da ake tara masu rawar jiki a koya musu rawa, zai ɗauka ba'a ake yi. Alhali magana ce ta gaske, kuma ina ganin akwai abin da ya kamata mu tsinta a cikinta, ko da yake ba duka ba.

Ciwon da nake nufi shi ne wanda wani likitan Landan, James Parkinson, ya fara bayyanawa a rubuce a 1817, har aka laƙaba masa sunansa. A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙwayoyin halitta masu samar da sinadarin dofamin, wanda ke sa motsin da jiki ya saba ya gudana ba tare da an yi tunani ba, kamar taku da kaɗa hannu wajen tafiya da miƙewa daga zaune. Idan ƙwayoyin nan suka soma mutuwa, sai jiki ya yi nauyi, gaɓɓai su sandare, taku ya gajarce, murya ta yi ƙasa, fuska ta daina nuna abin da ke zuci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ciwon sun haura miliyan 8.5 a 2019. Wanda ya ga Muhammad Ali yana kunna wutar gasar Olamfik a Atlanta a 1996, hannunsa na karkarwa, ya ga ciwon da idonsa. Ba kuma ciwon Turawa ba ne: a 2023 Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas da abokan aikinta suka gano wani sauyi a ƙwayoyin gado da ke ƙara haɗarin kamuwa da shi ga 'yan asalin Afirka. A wajenmu dai har gobe sunansa tsufa, ko iska, ko sammu.

Ni a jikin kawuna na san shi. Mutum ne da ya yi shekaru yana fataucin fata, mai son jama'a, wanda ba ya cin tuwo shi kaɗai. Abin da ciwon ya fara raba shi da shi kuwa shi ne ciyayyar ƙofar gida, domin miya na zuba kafin loma ta kai baki, ga idon yara. Daga nan ya koma sahun baya a masallaci saboda jinkirinsa wajen ɗagowa daga sujada, daga bisani ya ce zai riƙa yi a ɗaki. Likita ya ɗora shi a kan lebodofa, maganin da tun ƙarshen shekarun 1960 ya zama ginshiƙin kula da wannan ciwo, ya kuwa ji dama. Amma akwai abin da maganin bai raba shi da shi ba. Idan ya zo ƙofar zaure sai ƙafa ta cije, kamar an kafe ta da ƙusa. Ƙirji ya yi gaba, ƙafa tana baya. A irin haka ake faɗuwa, a karya ƙugu.

Matarsa, wadda muke kira Inna, ita ta gano dabarar. Ta lura idan 'yan mata suna lugude a tsakar gida, yakan ratsa ƙofar ba tare da ya tsaya ba. Sai ta riƙa tsayawa gefensa tana tafi a hankali, tana ƙirga ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, ƙafar kuwa ta saki. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma abin da ta gano shi ne abin da Michael Thaut da abokan bincikensa na jihar Kolorado ta Amurka suka wallafa a 1996: masu ciwon da suka yi mako uku suna atisayen tafiya bisa takin kiɗa sun ƙara sauri da tsawon taku. Dalilin a fili yake. Abin da ya lalace shi ne makaɗin cikin jiki, mai ba ƙafa lokaci. Kunne kuwa lafiya lau yake, kuma yana da tasa hanyar zuwa sassan ƙwaƙwalwa masu sarrafa motsi. Idan taki ya zo daga waje, sai ƙafa ta bi shi.

A kan wannan ne azuzuwan rawar suka tsaya. Wanda ya fi shahara, Dance for PD, an fara shi a 2001 a unguwar Brooklyn ta birnin New York, lokacin da Olie Westheimer, jagorar wata ƙungiyar masu ciwon, ta nemi ƙungiyar rawa ta Mark Morris ta ba su ɗaki da malamai. A zaune ake farawa, kowa a kan kujerarsa, ana motsa hannu da kafaɗa da tafin ƙafa. Sannan a miƙe a dafa kujera. Wanda ya iya ya ratsa ɗaki, wanda bai iya ba ya ci gaba a zaune. Daga 2007 kuma Madeleine Hackney da Gammon Earhart na birnin St. Louis suka nuna cewa rawar tango ta Ajantina tana kyautata daidaiton tsayuwa. Galibin irin waɗannan nazarce-nazarce a kan mutane kaɗan aka yi su, kuma babu wanda ya ce rawa na warkarwa ko tana maye gurbin magani. Abin da take yi shi ne ta tsawaita kwanakin da mutum yake iya kai kansa inda yake so.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a tsarin nasu shi ne mai jinya ma ɗalibi ne. Matar mara lafiya ko ɗansa ba ya zama a benci yana jira; kujera ake ba shi a da'irar. Na san nauyin wannan saboda na ga Inna. Ita ke ɓalla masa maɓalli, ita ke juya shi da dare, ita ke lissafin ƙwayoyi da kuɗinsu. Biki da suna duk ta daina zuwa. Masu zuwa dubiya sukan tambaye ta ya mai jiki, su ce Allah ya ba da lada, su tafi. Tsakaninta da mijinta magana ta koma "tashi", "zauna", "haɗiye". Sa'a guda a mako da za ta zauna da mata irinta, a yi motsi tare, a yi dariya, ba ƙaramin abu ba ne ga macen da ta yi shekaru tana barci rabi da rabi.

Sai dai ranar da na kawo wa kawu zancen, kallona ya yi ya ce, "Kai yaro, mi ka ɗauke ni? Da hurhurata?" Ban ga laifinsa ba. A garin Shehu, dattijon da aka gani yana taka rawa ya zubar da abin da ya shekara saba'in yana tarawa, kuma malamai suna da maganarsu a kan kaɗe-kaɗe da cuɗanyar maza da mata. Duk wanda ya kwaso tsarin Brooklyn ɗungurungum ya girke shi a Sakkwato, da kujerunsa kawai zai wuni.

Amma ƙafa taki take buƙata, ba ruwanta da sunan da aka sa wa zaman. Taki kuwa muna da shi har ya yi yawa. Manomi ya san yadda gangar noma ke daidaita saran 'yan gayya. Mace ta san waƙar niƙa da ta daɓe. Almajiri ya san karin Ishiriniya, ɗan ɗariƙa ya san bandiri. Dattijon da ya tashi da Narambaɗa da Ɗanƙwairo a rediyo, jikinsa na riƙe da karinsu ko bai sani ba. Wanda ba ya son abin kiɗa, tafi da ƙirga sun wadatar. Batun tara mata a koyar da su ta hanyar waƙa kuma ba baƙo ba ne a nan, domin Nana Asma'u ta yi shi da 'Yan Taru tun ƙarni na 19, a cikin wannan gari.

Don haka roƙona ga sashen gashin ƙashi da motsa gaɓɓai na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, shi ne su gwada. Ɗaki ɗaya mai daɓen da ba ya santsi, kujeru masu ƙarfi, ranar maza daban ta mata daban, kowane mara lafiya da mai jinyarsa. A kira shi zaman motsa jiki. A sa jami'in da ya san wanda zai iya miƙewa da wanda bai kamata ya bar kujera ba, a haɗa shi da ɗalibai biyu ko uku masu tsaron faɗuwa. A daidaita lokacin da sa'ar da magani ya fara aiki a jiki, wato bayan an sha na safe. Ranar 11 ga Afrilu ita ce ranar tunawa da wannan ciwo a duniya, kuma za ta yi kyau da buɗe zaman farko. Sai dai a watan nan zafin Sakkwato kan haura digiri 40, saboda haka a fara da sanyin safiya, a tashi kafin hantsi ya dubi ludayi.