Kafin a raba ƙungiyoyi, a duba rukuni

Ranar Asabar mai zuwa ne za mu raba ƙungiyoyi a gasarmu ta Madden, wasan ƙwallon Amurka na na'ura da kamfanin EA Sports ke fitarwa duk shekara, mai ɗauke da sunan John Madden, tsohon kocin Oakland Raiders wanda ya rasu a 2021. Tun makon jiya ake ta kirana, kowa da ƙungiyar da yake so a ajiye masa, kuma kusan duk sunaye uku ko huɗu nake ji. Babu wanda ya tambaye ni rukunin da ƙungiyar take ciki, alhali can ne maganar take.

Ga sababbin shiga: ƙungiyoyin NFL 32 ne, an raba su ɓangare biyu, AFC da NFC, kowane ɓangare rukuni huɗu, kowane rukuni ƙungiya huɗu. Kowa zai buga wasa 17, shida daga ciki da 'yan rukuninsa, gida da waje. Bakwai ne ke tsallakewa daga kowane ɓangare, wato zakarun rukuni huɗu da wasu uku mafi kyawun sakamako. Kuma duk wanda ya ci rukuninsa, komai lalacewar sakamakonsa, a gidansa zai buga wasan farko na sili-ɗaya-ƙwale. Mu da muka saba da teburin Firimiya, inda maki kaɗai ke magana, wannan tsari yana ɗaure mana kai. A 2023 Cincinnati Bengals ta ci tara ta faɗi takwas, ta ƙare a ƙasan rukuninta, ta koma gida. A shekarar dai Tampa Bay ta ci tara ta faɗi takwas, ta zama zakarar nata rukunin. A 2024 kuwa Minnesota ta ci wasa 14 cikin 17, amma da yake Detroit ta ci 15, dole ta fita waje, Rams mai nasara goma ta fitar da ita a wasan farko.

Saboda haka ne nake ce wa duk sabon hannu ya guji AFC ta Arewa. Baltimore, Cincinnati, Pittsburgh da Cleveland duka huɗun sun gama kakar 2023 da nasara fiye da faɗuwa. A na'ura ma lamarin ya fi muni, domin mai jefa ƙwallo irin Lamar Jackson, wanda idan ya rasa wanda zai jefa wa sai ya ruga da kansa, a hannun ɗan adam ya fi ƙarfin yadda kwamfuta ke tsare gida. Duk wanda Baltimore ta faɗo masa a ƙuri'a, shi nake ba rukunin. Sauran ukun kuwa za su yi ta cin juna har ɗaya ko biyu su rasa gurbi.

AFC ta Yamma kowa na kallonta a matsayin gonar Kansas City, kuma da dalili: sau tara a jere suka ci rukunin daga 2016 zuwa 2024. Sai dai abin da ya ba su wannan shi ne Patrick Mahomes da kan koci Andy Reid, kuma ba a sa kan Andy Reid cikin na'ura ba. Makin ƙwarewa da ake ba ɗan wasa, wanda ke tsayawa a 99, yana auna gudu da ƙarfin hannu da daidaiton jifa. Zaɓen dabara a daƙiƙun ƙarshe yana wuyan wanda ke riƙe da abin latsawa. Na ga wanda ya riƙe Kansas City ya kasa fita daga rukuni, saboda kowane zagaye dogon jifa yake nema. (Manyanmu da ke son ƙungiyar saboda Christian Okoye, ɗan Inugu da ya fi kowa nisan gudu da ƙwallo a 1989, ina girmama ku, amma shi ma ba zai zo ya taimaka ba.)

NFC ta Gabas ba na yi mata dogon hasashe. Daga 2005 zuwa 2024 babu ƙungiyar da ta ci rukunin sau biyu a jere, sai dai na jingina ga Philadelphia saboda ƙarfin layin gabanta. NFC ta Arewa kuma Detroit, idan mai ita ya yarda ya riƙa gudu da ƙwallo.

Inda nake so masu hankali su sa ido shi ne rukunan Kudu guda biyu, musamman na NFC. Tampa Bay ta ci shi a 2022 da nasara takwas da faɗuwa tara. Carolina ta taɓa cinsa a 2014 da nasara bakwai kacal. A gasarmu waɗannan ƙungiyoyi su ne kowa ke ƙi, sai su rage a hannun kwamfuta, ita kuwa kwamfuta ba ta koyon dabararka daga mako zuwa mako yadda ɗan adam ke yi. Wanda ya ɗauki Atlanta ko New Orleans ya sami wasa shida masu sauƙi tun kafin a fara, ga kuma wasan gida a zagaye na gaba.

Wani zai ce ai EA ta taɓa hasashen sakamakon Super Bowl na 2015 daidai, New England 28, Seattle 24. Haka ne, amma a wannan gwaji kwamfuta ce ta buga ɓangarorin biyu. Namu akwai wanda za a ɗauke wa wuta ana tsakiyar wasa, akwai wanda zai tafi gida biki ya bar ƙungiyarsa mako uku. Shi ya sa bana nake ba da shawarar kada a sa mutum fiye da biyu a rukuni ɗaya, kuma wanda ya rasa wasa biyu a jere ba tare da sanarwa ba a miƙa ƙungiyarsa ga na gaba a layi. Mai ƙorafi a kan wannan ya rubuto kafin daren Juma'a.