Daga Birik Zuwa Tsinga: Labarin Wani Kantin Littattafai

Wanda ya taso daga Cité Verte ya nufi Briqueterie, wato Birik ɗinmu, ba sai an gaya masa ya iso unguwar Hausawa ba. Da tasi ta wuce hayaniyar kasuwar Mokolo, hanci ne zai fara ba shi labari: hayaƙin tsire da ƙamshin kilishi. Sai ƙarar kekunan ɗinki, da shaddoji rataye a bakin shaguna, da kiran salla daga kowace kusurwa. Sunan unguwar ya samo asali ne daga wurin yin bulo na zamanin Jamus, Ewondo kuwa Ekoudou suke ce mata. Mutanen Yawunde sun san mu da nama da ɗinki. Abin da ba su san mu da shi ba shi ne littafi, kuma a kan wannan nake so mu yi magana a wannan wata.

Kada a ce ba ma karatu. Duk wanda ya zaga gefen babban masallaci zai ga masu sayar da littattafan addini: Alƙur'ani mai girma, Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, tare da tazbaha da turare. Yawancinsu daga Kano ake kawo su. Wannan kasuwa ce mai albarka, domin mai sayarwa ya san abin da yake sayarwa, in ka ce masa ɗanka ya gama Ishmawi zai miƙo maka na gaba ba tare da tambaya ba. Amma nemi littafin hira na Hausar boko, ko tarihin ƙasar nan, sai ka sha yawo.

To, daga Birik in ka hau tudu kaɗan ka shiga Tsinga, maƙwabciyarmu, inda babban masallacin nan yake. A wannan unguwa ce marubuci Mongo Beti ya buɗe kantin littattafai a 1994, ya sa masa suna Librairie des Peuples Noirs, wato kantin littattafan baƙar fata. Sunansa na yanka Alexandre Biyidi, an haife shi a 1932 kusa da Mbalmayo. Malamin makaranta ne kamar ni, sai dai shi a birnin Rouen na Faransa ya yi koyarwarsa. A 1972 ya fitar da Main basse sur le Cameroun, inda ya tona yadda ake mulkin Kamaru bayan samun 'yanci, gwamnatin Faransa ta haramta littafin, sai a 1976 aka ɗage haramcin. Shekara 32 ya yi bai taka ƙasarsa ba, sai a 1991 ya dawo.

Ku dubi shekarar da ya zaɓa. A 1993 an zaftare albashin ma'aikatan gwamnati har sau biyu. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, littafin da ake shigowa da shi daga Faransa ya ninka kuɗi dare ɗaya. Ɗan kasuwa mai lissafi da shagon siminti zai buɗe. Shi kuwa dattijon nan ya yi ritaya, ya zuba abin da ya tara cikin hajar da mutane suka fi saurin haƙura da ita in aljihu ya yi sanyi. Wasu za su ce taurin kai ne. Ni dai ina ganin ya gane abin da yawancinmu ba mu gane ba: garin da babu inda za a tsaya a duba littafi, ko makarantunsa sun kai ɗari, yaransa don jarrabawa kawai za su yi karatu.

Kantin bai tsaya ga ciniki ba, ya zama majalisa. 'Yan jarida da ɗalibai da malaman jami'a sukan je don su ga marubucin, su yi masa tambaya, su yi gardama da shi, shi kuwa ba ya gudun gardama. Marubuta sukan kawo sabon littafi a gabatar, a tattauna, mai littafi ya sa hannu ga wanda ya saya. Ya rasu a Duwala a 2001, amma kantin bai bi shi kabari ba, matarsa Odile Tobner ta riƙe shi. Da ita ce dama suka kafa mujallar Peuples noirs, Peuples africains a 1978.

Tambayata ita ce, mu da muke maƙwabta, mu nawa muka taɓa leƙawa? Za a ce ai Faransanci ne, kuma akwai tsada. Gaskiya ne. Amma yaranmu da Faransancin suke karatu, kuma a aji ina ganin bambancin yaron da ya taɓa karanta littafi don daɗi da wanda bai taɓa ba. Abin da ya fi damuna shi ne Hausar kanta. Yaro yana jin ta, yana ciniki da ita, amma ba shi takarda da Hausar boko sai ya tsaya a kan ƙ da ɗ da ɓ kamar ya ga baƙi, domin babu wanda ya taɓa nuna masa su.

Saboda haka ga shawarata. Ba sai mun jira wani attajiri ya buɗe mana kanti ba. Masu littattafan gefen masallaci sun riga sun san hanyar Kano. A roƙi ɗaya daga cikinsu ya ware kanta guda, duk wata a zaɓi littafi biyu, ɗaya na Hausa ɗaya na Faransanci, a rubuta sunayensu a allo a bakin shago. Ranar Lahadin ƙarshen wata, bayan la'asar, a shimfiɗa tabarma, wani ya karanta da ƙarfi, a tattauna. Mata su ma su yi nasu zaman a cikin gida, don na san sun fi mu karanta littattafan Kano.

In da ni ne mai zaɓe, da Magana Jari Ce na Abubakar Imam zan fara, wanda aka wallafa a Zariya a ƙarshen shekarun 1930, domin labaransa gajeru ne, sun dace da karatu a bainar jama'a, kuma aku mai ba da labarin yakan sa dattawa dariya. Na Faransanci kuwa Ville cruelle, wanda Mongo Beti ya fitar a 1954 da sunan Eza Boto. Labarin saurayi ne, Banda, da ya kai kokonsa birni don ya sami kuɗin aure, masu duba kaya suka ce ba shi da kyau. Duk ɗan kasuwar Birik zai gane wannan ciwo. Wata na biyu sai a ɗauko Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu a haɗa da Les impatientes na Djaïli Amadou Amal, 'yar Marwa, wanda ya ci kyautar Goncourt ta ɗaliban sakandare a 2020. Dukansu biyu kan zaman aure da kishiya suke magana, don haka a tanadi shayi mai yawa, zaman zai kai magariba.