Araha Ba Ta Ado: Yadda Muka Saya Wa Ɗalibarmu Kwamfuta

A da, idan yaro ya sami shiga jami'a a nan Mayo, abin da iyaye ke tanada bai wuce kuɗin rajista da na mota da littattafai ba. Amma tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, jami'o'in Khartoum suka rufe ƙofofinsu, da yawansu suka mai da darasi ta intanet, sai kwamfutar tafi-da-gidanka ta zama kamar allo ga almajiri. Ko bayan da soja suka karɓe birnin a watan Maris 2025, malamai ba su daina aiko da darussa da karɓar ayyuka ta wannan hanya ba. Wayar hannu tana isa a saurari lacca, amma ba ta isa a rubuta binciken kammala karatu ba.

Mu a gidanmu sai da muka yi adashi, wato sanduƙ kamar yadda maƙwabta ke cewa, kawu ya sa, inna ta sa, wani ɗan'uwa da ke Saudiyya ya turo nasa ta Bankak, kafin kuɗin na'urar 'yarmu ya haɗu. Kuɗin da aka tara da irin wannan wahala ba a yin cinikin biri a sama da shi. Saboda haka muka tambayi masu gyara da ɗaliban da suka riga ta, ga kuma abin da muka samo.

Na farko, sabuwa mai araha sau da yawa ba ta kai tsohuwa mai ƙwari ba. Irin waɗanda aka ƙera domin ma'aikatu, kamar ThinkPad ta Lenovo, ko Latitude ta Dell, ko EliteBook ta HP, suna shigowa ta Dubai bayan an yi aiki da su, jikinsu yana jure wahala, kayan gyaransu kuma ba su da wuyar samu. A duba ƙwaƙwalwarta ta zama Core i5 zubi na 8 ko sama, domin kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, ita kuwa Windows 11 ba a tsara ta don tsofaffin zubi ba. Ma'adanar aiki, wadda 'yan kasuwa ke kira ram, kada ta gaza jigabait 8. Rumbun ajiya ya zama na zamani marar faifai mai juyawa, jigabait 256 ya isa. Mai karatun shari'a ko tarbiyya wannan ya wadace shi. Mai injiniya da zai yi zane da AutoCAD gara a nema masa ram 16.

Na biyu, a yi la'akari da inda na'urar za ta zauna. Kowa ya san halin wutar lantarki a unguwarmu, don haka batir ya fi kyan fuska muhimmanci. A sa mai sayarwa ya zare waya, a zauna a ga yadda cajin ke sauka. Wadda ke karɓar caji ta ƙaramar kafa irin ta wayoyin zamani ta fi sauƙin haɗawa da batirin hasken rana. Ƙurar habub da zafin bazara kuwa su ne ajalin fanka, sai a riƙa kai ta shara. A tabbata madannan suna da haruffan Larabci, tunda tun 1990 aka mai da yawancin karatun jami'a da Larabci. Wadda yawancin aikinta ya dogara da intanet, irin Chromebook, a bar ta. Ba mu manta yadda layuka suka ɗauke a watan Fabrairu 2024 ba.

Na uku shi ne mafi nauyi. A cikin yawon nemanmu, wani ya kawo mana wata mai kyau ƙwarai a kan rabin kuɗi. Da aka kunna, sai ga hotunan bikin wasu bayin Allah, ga kuma rubutun binciken wani ɗalibi har babi na huɗu. Muka tambayi takardar saye, ya ce babu. 'Yarmu ta dubi kawunta ta ce, "Kawu, mai wannan ma karatu yake yi." Ba wanda ya ƙara magana, muka mayar masa da kayansa.

Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa an wawashe gidaje da ofisoshi da jami'o'i a wannan yaƙi, har aka buɗe kasuwanni na kayan ganima. Wanda ya saya da saninsa, sunansa a Hausa ɓarawon zaune. Kuma mu da kakanninmu suka taka ƙafa daga Sakkwato da Kano da Katsina kan hanyar Makka, suka zauna a ƙasar nan da guminsu, ba mu da jarin da ya wuce sunan kirki. Idan aka ga kayan wani a ɗakin Bahaushe guda, unguwa duka za a shafa wa baƙin. Alamomin ba su da wuyar ganewa: tambarin wata ma'aikata da aka kankare, kalmar sirri da mai sayarwa bai sani ba, babu caja ta asali, ga farashin da hankali ba zai ɗauka ba. A nemi rasit mai ɗauke da lambar na'urar, a saya a shagon da gobe za a iya komawa.

Daga ƙarshe mun sayi tsohuwa mai tabo a murfi, mun ƙara kuɗi kaɗan an sa mata sabon batir, mun karɓi rasit. Shawararmu ga iyaye ita ce, idan kuɗi bai kai ba, ɗalibai biyu su haɗu a kan guda ta halal, su raba lokaci, kafin Allah ya hore. Ilmin da muke nema wa yaran nan albarkarsa muke so. Allah ya ba su sa'a, ya mayar wa kowa abin da ya rasa, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.